Yadda ake haɗa jan ruwan inabi mai matsakaicin zaƙi irin na Sifaniya ba tare da maye ba, da abincin da ke tafiya da shi

A manyan kantunan Sifaniya, idan ka bi layin kwalaben jar giyar inabi, za ka ga wasu an rubuta musu semidulce a jiki, wato mai matsakaicin zaƙi. Wannan rubutu awo ne da doka ta ƙayyade. Tarayyar Turai ta kasa giyar inabi gida huɗu bisa yawan sukarin da ya rage a cikinta: wadda ba ta wuce giram 4 a lita ba ita ce marar zaƙi, mai bi mata ta tsaya a wajen giram 12, mai matsakaicin zaƙi ta kama daga nan zuwa giram 45, abin da ya haura haka kuma ya zama mai zaƙi sosai. Masu yin ta kan tsayar da ruɓar inabin da sanyi tun kafin yis ya cinye sukarin duka, ko su ƙara mata tataccen ruwan inabi daga baya. Inabin da aka fi amfani da shi su ne Tempranillo, Garnacha, Monastrell na yankin Jumilla, da Bobal na Utiel-Requena.

Yawancinmu ba ma shan giya, kuma wannan bayani ba na koyar da shanta ba ne. Abin da mutanen Sifaniya suka gano game da haɗa irin wannan abin sha da abinci bai rataya a kan barasar ba. Ya rataya ne a kan abu uku da ke cikin kofi: zaƙi daidai wa daida, tsami, da bauri, wato wannan kamewar baki da kake ji idan ka tauna goro. Duk ukun ana samunsu ba tare da ɗigon maye ba. Matsalar kawai ita ce ruwan inabi zalla ya cika zaƙi, domin lita guda tana ɗauke da sukari giram 150 zuwa sama, ya zarce ma Coca-Cola da ke da kusan 106. Idan ka ajiye shi haka kusa da nama, loma biyu za ka yi ya ginshe ka. Aikin gaba ɗaya shi ne a sauko da zaƙin nan zuwa wajen giram 40, a cike gurbin da tsami da bauri.

Mataki na farko: samo ruwan inabin

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen na kwali ko na kwalba. A Sifaniya sunansa mosto, jansa kuma mosto tinto, kuma abin sha ne na yau da kullum da ake ba yara da direbobi, a zuba ƙanƙara, a jefa yankin lemo da ƙwayar zaitun. Amma akwai wuri biyu da mutum zai iya yin tuntuɓe. Na ɗaya, a kudancin ƙasar, wajen Jerez da ƙauyukan Aljarafe da ke gefen Seville, idan ka ce mosto sabuwar giya za a kawo maka wadda ta gama ruɓa a watan Nuwamba, mai bugarwa sosai. A can sai ka ce zumo de uva, wato ruwan inabi, ko ka ƙara da sin alcohol, wato marar barasa. Na biyu, kamfani ɗaya kan yi duka biyun. Don Simón, alal misali, yana sayar da mosto, yana kuma sayar da giya da sangría, wato giyar da aka haɗa da 'ya'yan itace, a kwalaye masu kama da juna. Juya kwalin ka karanta. Ka nemi wanda aka rubuta kashi 100 ruwan inabi ne, ba a ƙara sukari ba.

Akwai kuma giyar da aka zare wa barasa, irin Natureo ta gidan Torres. Dokar Turai ta yarda a kira abu da wannan suna matuƙar barasarsa ba ta wuce kashi 0.5 ba, wasu kuma suna rubuta 0.0. Tun da asalinta giya ce aka yi sannan aka cire mata ƙarfin, malamai sun saɓa a kanta, ni dai ba na sa ta a wannan haɗi. Ba ma buƙatarta.

Idan kana son ka tatsa da kanka, wanda ya fi daɗi nesa ba kusa ba, sayi baƙin inabi kilo 1, mai duhun bawo, wanda ya nuna sosai. Kilo ɗaya zai ba ka fiye da rabin lita. Cire shi daga reshe, ka zubar da duk wanda ya fashe ko ya yi fumfuna, ka wanke sau biyu. Zuba a tukunyar silba wadda ba ta tsatsa, ka murje da hannu ko da bayan ludayi. Kada ka kai shi injin markaɗe: injin zai farfasa ƙwayayen ciki, ɗacinsu ya bi ruwan, kuma babu abin da zai cire shi. Ɗora a wuta kaɗan, kana juyawa, har ya fara tururi da ƙananan kumfa a gefen tukunya, ka bar shi haka minti 10 ba tare da ya tafasa ba. Dalilin ɗumamawar shi ne launi da bauri duk a bawon suke, naman inabi fari ne ko da bawonsa baƙi ne. Za ka ga ruwan ya tashi daga ruwan hoda ya koma ja mai duhu, bawon kuma ya yi fari-fari ya saki. Sauke, ka bari ya huce, ka tace da ƙyalle mai tsabta. Matsa a hankali, kada ka murɗe ƙyallen har ƙarshe.

Mataki na biyu: zobo da shayi

Nan ne hikimar take. Idan ruwa kawai ka ƙara don rage zaƙi, abin zai yi salam, ba launi ba ɗanɗano. Zobo kuwa yana da tsami mai kaifi da jan launi, ganyen shayi yana da bauri, kuma su ne daidai abin da ruwan inabi ya rasa.

Ɗebi busasshen zobo cikin tafin hannu ɗaya mai kyau, wajen giram 20, ka ɗauraye shi da ruwan sanyi don yashi ya fita. Tafasa shi a ruwa mililita 600 na minti 5, ka sauke, ka rufe ya jiƙa minti 20, ka tace. Kada ka bi al'adar zobon biki: ba sukari, ba abarba, ba citta, ba ƙamshin kwalba. Idan kana so, jefa kanumfari guda biyu da ɗan guntun kirfa, domin jar giyar da ta kwana a gangar katako tana da ƙamshi mai kama da nasu. Guda biyu na ce, ba biyar ba, kanumfari ba ya san raba wuri da kowa.

Shayin kuma, jaka biyu na baƙin shayi a ruwan zafi mililita 150, minti 5. Idan ya wuce haka bauri ya koma ɗaci. Cire jakunkunan ba tare da ka matse su ba.

Mataki na uku: haɗawa

Ga awon lita guda: ruwan inabi mililita 250, zobo 500, shayi 150, ruwan soda ko ruwa zalla 100. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na ruwan inabi, wanda zai ba ka sukari wajen giram 40, kusan cokalin shayi goma a lita, ya faɗa cikin awon semidulce. Haɗa su bayan kowanne ya huce, ka jefa ɗan gishiri abin da yatsa biyu za su tsinta, ka juya.

Yanzu ɗanɗana, amma ba da baki wofi ba. Ci ƙwayar gyaɗa mai gishiri ko ɗan yankin cuku, sannan ka kurɓa. An yi wannan abin sha ne don ya bi abinci, saboda haka idan ka gwada shi shi kaɗai za ka ga kamar ya yi tsami, ka ruga ka zuba sukari, ka ɓata aikin. Idan bayan lomar har yanzu yana tsinka maka haƙora, ƙara ruwan inabi mililita 50, ba sukari ba. Idan ya yi zaƙi kamar lemon kwalba, matsa rabin lemun tsami. Idan ka haɗiye ka ji bakinka bai ɗan kame ba, shayi ne ya yi kaɗan. Zobo ya bambanta, na wata kasuwa ya fi na wata tsami, don haka harshenka ne alƙali, awon nan mafari ne kawai. Ruwan soda kuma a ƙarshe ake zuba shi, dab da kai wa tebur.

Sanyinsa ya zama matsakaici, wajen digiri 12 zuwa 14, kamar yadda ake ba da mai matsakaicin zaƙi a can. Sanyi mai yawa yana kashe ƙamshi, ɗumi kuma yana fito da zaƙi fiye da kima. Sa shi a firji awa ɗaya, ko idan ya kwana a ciki ka fito da shi minti 15 kafin a zauna. Ƙanƙara tana tsinka shi, in dole ne sai ka daskarar da zobon kansa ka yi ƙanƙarar da shi.

Masu shan maganin hawan jini su yi sannu da zobo domin shi ma yana sauke jini, masu ciki kuma ana yawan ba su shawarar su ƙaurace masa. Mai ciwon suga ya tuna giram 40 ɗin nan sukari ne, ko da daga inabi ya fito.

Mataki na huɗu: zaɓen abinci

Ƙa'idodin ba su da yawa. Gishiri yana son zaƙi. Yaji ma yana son zaƙi, domin sukari yana kwantar da zafin barkono. Maiƙo yana son tsami da bauri, su ne ke wanke baki a shirya wa loma ta gaba. Abu ɗaya da aka hana: abincin kada ya fi abin shan zaƙi, in ba haka ba kofin zai koma tsami zalla a bakinka. Teburin tapas, wato ƙananan faranti masu yawa da ake ci a tare, kusan dukkansa gishiri ne da maiƙo da ɗan yaji, shi ya sa suka dace.

Fara da abin da ba ya buƙatar wuta. Zaitun kore, da almon soyayye da gishiri, wanda a can irin Marcona aka fi so. In babu almon, gyaɗa soyayya mai gishiri ta wadatar. Sai busasshen nama. Abin da aka fi sani a Sifaniya shi ne jamón, naman alade ne, a bar shi. Amma a León suna da cecina, cinyar saniya da ake gishirtawa, a yi mata hayaƙin itacen oak, a shanya aƙalla wata 7, a yanka ta siriri har haske na ratsawa. Wanda ke can ya duba tambarin halal, kamar na Instituto Halal da ke Kordoba. Wanda ke gida kuwa kilishi zai tsaya a wurinta, har ya fi ta dacewa da wannan kofi saboda yajinsa, sai dai a zaɓi wanda ba a cika masa zaƙi ba.

Cuku shi ne babban abokin wannan abin sha. Manchego na nonon tumaki ne daga La Mancha, yankin da ya ƙunshi kusan rabin gonakin inabin ƙasar. Wanda aka rubuta curado, wato wanda ya daɗe a ajiye, ya fi ƙarfi da gishiri, shi za ka nema. Yanka shi siriri mai kusurwa uku, ka fito da shi daga firji rabin awa kafin ci, domin cuku mai sanyi ba ya magana. Akwai Cabrales na Asturias, shuɗin cuku da ke nuna a cikin kogunan duwatsun Picos de Europa. Warinsa kan kori baƙo, amma ɗan kaɗan a kan burodi da kurɓin abu mai zaƙi a bayansa na daga cikin haɗin da ya fi kowanne a teburin. Mutanen can kan ci Manchego da membrillo, wani daskararren zaƙi na 'ya'yan itace. Da wannan kofi ka rage shi ƙwarai, ko ka sa rabin dabino, saboda ƙa'idar nan ta zaƙi.

Sai na wuta, kuma guda uku sun isa.

Pinchos morunos tsire ne, sunan ma yana nuni da Musulmin Arewacin Afirka da aka gaji kayan ƙamshinsa daga wurinsu. A yawancin gidajen cin abinci na Sifaniya da naman alade ake yi yanzu, sai a Melilla da Ceuta da wuraren halal ake samun na rago, don haka ka tambaya kafin ka ci. A gida, yanka naman rago rabin kilo ƙanana kamar kan babban yatsa. Kwaɓa man zaitun cokali 4, garin jan tattasai marar zafi cokali 1, kamun (wato cumin) cokalin shayi 2, kurkum rabin cokalin shayi, tafarnuwa 4 dakakku, ruwan rabin lemun tsami, gishiri da ɗan barkono. Idan ka samu pimentón de la Vera, garin tattasan da aka busar da hayaƙi a Extremadura, shi ne asali. Cuɗe naman, ka rufe a firji ya kwana, ko aƙalla awa 4. Jiƙa tsinkayen a ruwa kada su ƙone, ka soke, ka gasa a garwashi mai zafi minti 8 zuwa 10 kana juyawa. Bambancinsa da tsirenmu, babu ƙuli-ƙuli. Wanda ya gaji ya aika a sayo tsire wajen mai nama ba a ce ya yi laifi ba, haɗin yana tafiya.

Patatas bravas dankalin turawa ne da miya mai ɗan zafi, abincin Madrid. Yanka dankali kilo ɗaya gutsu-gutsu, ka soya sau biyu: na farko a mai marar zafi sosai har ya yi laushi, ka kwashe ya huce, na biyu a mai mai zafi har ya yi ja. Miyar kuma, soya albasa ɗaya a man zaitun, ka sauke wuta ka zuba garin tattasai cokali 1 da garin barkono daidai ƙarfinka, ka juya da sauri domin garin tattasai da ya ƙone ɗaci yake yi, ka ƙara fulawa cokali 1, sannan romon kaza kofi ɗaya kaɗan-kaɗan har ta yi kauri. Zuba a kan dankalin lokacin da za a ci, ba kafin nan ba.

Berenjenas con miel na Kordoba da Malaga ne: baƙin gautan turawa mai girma, a yanka siriri, a barbaɗa gishiri ya tsane rabin awa, a goge, a turbuɗa a fulawa, a soya, a ɗiga masa baƙin ruwan rake irin wanda ake dafawa a garin Frigiliana. Mazarƙwaila da aka narkar da ɗan ruwa a wuta tana yin wannan aiki. Ɗigo kawai, zare-zare a sama, kada ya yi wanka a ciki.

Idan baƙin da yunwa suka zo, ƙara tortilla: ƙwai 6, dankali giram 600, albasa ɗaya. Dafa dankali da albasa a cikin mai a wuta kaɗan ba tare da sun yi ja ba, ka tsane, ka juye cikin ƙwan da aka kaɗa, ka bar su minti 10 su sha juna, ka zuba a kasko, ka kife a faranti ka mayar don ɗaya gefen ya yi. Ita ba ta faɗa da kowa, tana cika ciki. Gasasshen ɗan rago irin na Aranda de Duero, wanda ruwa da gishiri kawai ake sa masa a tanda, shi ma yana karɓar wannan kofi, sai dai a nan gara ka rage ruwan inabin zuwa mililita 200.

Abin da za a nisanta

Kifi da jatan lande ba sa jituwa da bauri, haɗuwarsu kan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ƙananan kifin da ake jiƙawa a binega, boquerones, da miyar tumatir mai sanyi ta gazpacho, tsami ne a kan tsami. Flan da turrón, kayan zaƙin da ake rufe tebur da su a can, sun fi kofin zaƙi. In ana son rufe tebur da wani abu, baƙar cakulan mai kashi 70 ita ce daidai.

Wanda zai ci a gidan abinci a can ya sani cewa rabo de toro, wutsiyar bijimi ta Kordoba, a cikin giya ake dafa ta, haka yawancin naman kumatu da ake kira carrilleras. Croquetas, wato soyayyun dunƙulen fulawa da madara, sau da yawa da jamón a ciki, albóndigas kuma, wato dunƙulen niƙaƙƙen nama, akan gauraya naman shanu da na alade. Tambaya biyu za ka riƙe: ¿lleva cerdo? da ¿lleva vino?, wato akwai alade, akwai giya. Alayyafo da wake na Seville, espinacas con garbanzos, yawanci lafiya lau ne, kuma kamun da ke cikinsa yana tafiya da wannan abin sha.

Mataki na biyar: jerawa da ajiya

Kada ka fito da komai lokaci guda. Zaitun, gyaɗa da busasshen nama su fara, sai tortilla, sai soyayyun da zafinsu, sai tsire, cuku a ƙarshe, Cabrales bayan Manchego domin idan ya riga shi ba za a ƙara jin komai ba. Lita guda tana ba da kofi 6 zuwa 7 idan ana zuba mililita 150, kuma ka lissafa wa kowane mutum kofi biyu. Mutum goma ke nan lita 3, wato ruwan inabi mililita 750, kilo ɗaya da rabi na inabi zai wadatar. Zuba rabin kofi kawai a kowane karo don kada ya yi ɗumi a hannu, a ajiye tulun ruwan sha a gefe.

Ajiyar tana buƙatar kula, domin ruwan inabin da aka tatsa a gida yana da sukari, kuma yis na yawo a iska. A zafin ƙasarmu, idan aka bar shi a waje, cikin kwana ɗaya ko biyu zai fara ruɓa ya kama hanyar zama abin da muka guje wa tun farko. Sa shi a kwalbar gilashi da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa, a firji, kada ya wuce kwana 3. Idan ka buɗe ka ji ya yi tsit da iska alhali ba ka sa soda ba, ko ka ga kumfa na tasowa, ko warinsa ya koma na ƙullin da ya kumbura, zubar da shi. Inda wuta ba ta tsayawa, haɗa abin da za a shanye a ranar kawai. Ragowar ruwan inabin zalla kuma ana iya daskarar da shi a ƙananan robobi na mililita 250, kowace roba awon lita guda, zobo da shayin a dafa sabo duk ranar da za a haɗa.